Daga Guduma Zuwa Kwali: Waiwaye Kan Gyaran Jikin Mota a Dogarawa

Da sanyin safiya, kafin iskar hunturu ta fara kwaso ƙura daga titin Kano, na tsaya a wani gareji a Dogarawa ina kallon wani dattijo zai mayar wa Peugeot 504 ƙofarta ta gaba. Motar fara ce, amma farin ya sirka ya koma ruwan madara saboda daɗewa. Kafin ya matsa kusa da ita sai da ya cire agogo da zoben azurfarsa ya zuba a aljihu, ya ce wa yaronsa ya juya kan bel ɗinsa ya koma baya. Ya ɗauko tef ɗin takarda ya bi bakin ƙofar da shi har ninki uku, ya bi bakin fenda, ya bi dokin ƙofar ta ƙasa. Sannan ya yayyanka kwalin taliya sala-sala, faɗin yatsa biyu, ya ajiye kusa da hannunsa.

Na ce, "Baba, duk wannan shiri don ƙofa guda?"

Bai ɗago ba ya ce, "Malam, fentin nan ya girmi uban yaron nan. Ƙarfe in ya lanƙwashe ina iya miƙe shi. Fentin da aka gasa a Kaduna in ya ɓantare, ba ni da inda zan samo maka wani."

Wanda ya san garejin fanalbita ya san wuri ne na ƙarar guduma da tartsatsin walda. Yadda aka yi sana'ar ta kai ga ranar da gwaninta zai ajiye guduma ya ɗauki kwali, labari ne na shekara ɗari da 'yan kai, kuma waiwaye adon tafiya ne.

Jirgi ya kawo ƙarfe, kafinta ya yi bodi

Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. A gefen tashar jirgin Sabon Gari ya tsiro, ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sana'ar hannu, yawancinsu daga kudu. Zariya ta zama mahaɗa: ƙaramin layin da ya nufi Jos ya fara aiki a 1914, na Ƙauran Namoda ya kammala a 1929. Auduga da gyaɗa kuwa sai an kwaso su daga ƙauyuka kafin su hau jirgi, nan manyan motoci suka samu aiki. Kantunan Turawa suka jeru, har yau unguwar PZ tana ɗauke da sunan kamfanin Paterson Zochonis.

Motocin dakon wancan zamani, irin su Bedford da Austin, inji da ƙashin mota da kai ake kawowa daga Ingila. Bodin kafinta ne ke haɗa shi da katako, mai fenti ya bi da buroshi. Idan wani wuri ya goge, gwangwanin fenti yana nan, a sake shafawa. Ba wanda ke auna tazarar ƙofa, ba wanda ke jin zafin ƙwarzane. Gyaran ƙarfe kuma a ma'aikatar reluwe da ta ayyukan gwamnati aka fara koyonsa, daga can ya fito bakin titi. Hausawa ba baƙi ba ne a wajen sarrafa ƙarfe. Ɗan maƙeri da ya tashi yana jin amon guduma a kan uwar maƙera, da aka miƙa masa ɗan dunƙulen ƙarfen da ake tokarawa a bayan bodi ana bugawa ta gaba, ya gane shi nan take: maƙera ce ƙarama da ake riƙewa a tafin hannu.

Ƙananan motoci sun yawaita ne ta ɓangaren Samaru. An kafa tashar binciken noma a can a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, malamai daga ƙasashe daban-daban suka zo, manyan ma'aikata suka samu bashin sayen mota. SCOA na sayar da Peugeot, Leventis na da Mercedes, Mandilas na da Volkswagen. Ƙaramar motar nan ita ce mai sheƙi, wadda mai ita ke sa a wanke kowace safiya, kuma in ta ƙwarzanu ransa ya ɓaci. Duk mai tafiya tsakanin Samaru da Sabon Gari ta Kwangila zai bi, inda hanyar Sakkwato ta gitta ta Kano. Ba mamaki da garejoji suka yi ta tsirowa daga nan zuwa Dogarawa.

Can inda aka ƙera motar

Damuwar dattijon nan ta girme shi, kuma ba a Zariya ta fara ba. A farkon ƙarni na ashirin, fentin mota mai kala da buroshi ake shafa shi, shafi a kan shafi, ya ɗauki makonni kafin ya bushe. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford baƙi kaɗai yake yi wa Model T. Sai DuPont ya fito da fentin Duco mai bushewa cikin sa'o'i, wanda ake fesawa da bindigar fenti, aka fara ganinsa a motocin Oakland na 1924. Kala ta wadata, aka shiga yayin mota mai launi biyu.

Launi biyun ne ya haifar da matsala. Kafin a fesa na biyu dole a rufe na farko, abin rufewar kuma takarda ce da manne mai ƙarfi. Idan aka zo ɓarewa sai ya taho da sabon fentin. Wani matashin ma'aikacin kamfanin 3M, Richard Drew, yana kai samfurin sanfefa garejojin birnin St. Paul a Amurka, ya ga yadda masu fenti ke takaicin wannan asara. A 1925 ya fito da tef ɗin takarda mai manne sassauƙa, wanda ke kamawa ya kuma saki ba tare da ya yi ɓarna ba. Tef ɗin da na gani a bakin ƙofar 504 a Dogarawa jikan wancan ne. Tun ranar da aka haife shi aikinsa ɗaya: tsare fenti daga hannun mai gyara.

Wani abin da ya zo daga can shi ne fila. Da, idan an buge lotsawa an bar 'yan ramuka, darma ake narkawa a cike su, aiki mai wuya da ke son gwani. A shekarun 1950 aka fito da fila na roba, irin su Bondo, wanda ake kwaɓawa a shafa ya daskare cikin mintoci. An yi shi ne don a shafa siriri a kan ƙarfen da aka riga aka miƙe. Yadda muka yi da shi daga baya, za mu zo kansa.

Zamanin Fijo

Shekarun 1970 sun sauya fuskar titunanmu. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a 1975, a shekarar ce kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Volkswagen ya fara nasa a Legas. Tsakanin Kakuri da Dogarawa tafiyar sa'a guda ce da 'yan mintoci. Motar da muke kira Fijo ta zama ta gida: 404 a-kori-kura tana dakon buhuna, 504 tana ɗauke da malamin jami'a da alƙali da hakimi, mai dogon bayan tana jigilar fasinja zuwa Kano da Funtuwa. Gwamnati ma ita ta mayar motar ofis.

An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka a 1975. An ƙera fiye da miliyan 3. Turawa sun daina yin mai ƙofa huɗun a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har 2006.

Wannan zamani ne kuma da 'ya'yan Hausawa suka shiga sana'ar da yawa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa masu sana'a da dama barin Sabon Gari, yaran da ke riƙe musu fitila da sifana suka tsinci kansu a gaban aiki. Da aka dawo bayan 1970 sai aka haɗu ana yi tare, har yau kuma a gareji guda za ka ji Hausa da Yarbanci da Ibo.

Fanalbita na lokacin yana cikin wadata. Idan fenda ta lotse sosai, a cire a sayo sabuwa. Ya san tsarin aiki: a gwada ƙarfe a jikin mota tun yana tsirara, a daidaita shi har ya zauna, sannan a kai wa mai fenti. Masu gyaran Volkswagen mai siffar kunkuru sun san wani siririn bel na roba da ake sakawa tsakanin fenda da bodi kafin a ɗaure notuna, don kada ƙarfe ya ci fentin ɗan'uwansa. Amma fenti a wancan lokaci ba abin tattali ba ne. Mota sabuwa tana Kaduna, in wannan ta tsufa a sake wata.

Zamanin fila

A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kayan gyara suka yi tsada, wasu suka ɓace. Motar da aka saya da niyyar shekara biyar sai ta zama ta har abada. A nan masu gyaran jikin mota suka riƙe ƙasar nan a kan taya, kuma ya kamata a faɗi wannan kafin a faɗi laifinsu. Sun yanka durom sun yi wa mota sabon daɓe. Sun haɗa gaban wannan da bayan waccan sun tayar da guda. Da ba don su ba, da tashoshin mota sun zama kufai.

Sai dai talauci ya koya wa sana'ar wata ɗabi'a. Mai mota yana son araha, yana son yau-yau. Fila ya tashi daga siririn shafi ya zama yaɓe, wani wurin kaurin yatsa. Ƙofa in ta ƙi rufuwa, a cusa katako a hinji a danna ta da ƙarfi, ko a sa gwiwa a murɗa. In fenti ya fashe ba komai, ai feshi na biye. Fenti ya zama mayafin rufe aibi, aikin ƙarshe da ke binne duk abin da aka yi kafin shi.

Gidanmu ma mun ɗanɗana. Mahaifina yana da 504 ruwan toka da ya saya sabuwa, yana ji da ita kamar ɗiya. Wata rana aka goge masa fendar hagu a kasuwa, ya kai wani gareji. Aka miƙe fendar aka fesa, aka mayar, amma an matso da ita kusa da ƙofa fiye da kima. Ina tsaye yaron garejin ya fizgi ƙofar don ya nuna mana an gama. Sai muka ji ƙas. Bakin ƙofar ya ciji bakin fendar, fentin asali ya ɓantare kamar ƙwayar gyaɗa, farin ƙarfe ya bayyana. Mai garejin ya tsoma tsinken ashana a fenti ya ɗiga, ya ce, "Alhaji, ba wanda zai gani." Damina biyu aka yi wurin ya kumbura, tsatsa ta bi ƙarƙashin fentin tana ci. Aka fesa ƙofar, kalarta ta ƙi haɗuwa da ta baya, domin rana ta riga ta shanye tsohon launin. Daga ƙarshe aka fesa motar gaba ɗaya, kuma tun daga ranar mahaifina bai ƙara kiranta da sunan da yake kiranta ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar da fenti ya zama shaida

Abin da ya juya al'amarin kasuwa ce. Daga shekarun 1990 motocin hannu suka malalo ta Kwatano, 'yan Beljiyam kamar yadda ake ce musu. Tunda kowa tsohuwa zai saya, tambaya ta farko ta zama: ta taɓa haɗari? Mai sayarwa zai iya rantsuwa, amma fenti ba ya ƙarya. Nan kalmar "fes bodi" ta shiga bakin dillalai, wato motar da fentinta na kamfani ne, ba a taɓa fesa ta ba. Mai saye ya koyi ƙwanƙwasa bodi da ɗan yatsa yana sauraron amo, ya koyi naɗe maganaɗisu a ƙyalle yana bin ƙofa don ya ji inda fila ya hana shi kamawa, ya koyi leƙa kan notunan fenda ya ga ko sifana ta taɓa cinsu. Yau har ƙaramar na'urar auna kaurin fenti wasu ke yawo da ita.

Dalilin darajar a fili yake. A kamfani ana tsoma bodi gaba ɗaya cikin ruwan kariyar tsatsa, a fesa a ɗakin da ba ƙura, a gasa da zafin da ya haura digiri 100 tun ba a saka gilashi da roba da waya ba. Duk kaurin abin bai wuce na silin gashi ɗaya ko biyu ba, amma ba garejin da zai iya maimaita shi a kan motar da aka riga aka haɗa. Ga kuma fentin zamani mai hawa biyu, launi a ƙasa da ruwan sheƙi a sama, wanda ya yaɗu tun shekarun 1980: yana da kyau, amma ba ya karɓar faci. Ƙaramin ɓantare yana iya jawo feshin ƙofa sukutum.

A daidai lokacin kuma tsofaffin Fijo suka fara ƙarewa. 'Yan gwangwan sun yanka da yawa sun auna a sikeli. Waɗanda suka rage a rumfunan gidajen Samaru da Tudun Wada, 'ya'ya da jikoki suka fara dubansu da wani ido: wannan ce ta kai mu makaranta, a wannan aka kawo amaryar gidan nan. Wanda ya kawo irin wannan mota gareji ba sabuwa yake so a mayar masa da ita ba. So yake ta ci gaba da zama ita. Duk wanda ya je gidan tarihi na ƙasa a Legas ya ga baƙar Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 ya san wannan. Da an cike ramukan harsashin da fila an fesa, da ta yi kyau, da kuma ta daina ba da labari.

Yadda gwani ke yi

Na zauna a kan benci na ga sauran aikin. Dattijon ya fara da duba ƙusoshin hinji, domin in sun cinye, duk daidaitawar da aka yi ƙofa za ta sake zubowa. Ya kwance ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin ginshiƙi ya ajiye gefe. Ya ce ƙofa ta tsaya da ƙafarta tukuna, in makulli ne ke ɗaga ta, yaudarar kai ake yi. Ya sa jak a ƙarƙashinta da guntun katako naɗe da tsohon bargo, yaron yana riƙe da ita da hannu biyu.

Daga baya yake farawa ya nufo gaba. Ƙugun mota a walde yake, ba ya motsi, don haka shi ne liman: ƙofar baya ta bi shi, ta gaba ta bi ta baya, fenda ta bi ƙofa, bonet ya zo ƙarshe. Wanda ya fara ta gaba zai tara kuskurensa duka a wurin da ba shi da sauran wurin gyara. Salar kwalin nan ita ce ma'auninsa kuma ita ce garkuwarsa. Ya ninka ta ta kai kamar milimita 4 zuwa 5, ya cusa a sama da tsakiya da ƙasa. In ta shige da ɗan jan hannu a ko'ina, tazara ta yi daidai, kuma ko ƙofar ta kuɓuce wa yaron, kwali za ta daka.

Kafin ya sassauta kowane noti sai ya zagaye mazauninsa da fensir a kan tef, don ya san inda ya taso. Bakin sifanar ma naɗe yake da tef. Ba ya kwance noti gaba ɗaya, ɗan sassautawa yake yi yadda ƙarfe zai motsa da dukan tafin hannu. Ya ce in ƙofa ba gilashi a cikinta, a ɗan ɗaga bayanta sama kaɗan, domin nauyin gilashi da injinsa zai sauke ta. In kuma mota ce da za a fesa gaba ɗaya, a gama daidaita komai tun tana firaima, a huda ɗan ƙaramin rami a hinji ya ratsa har bodi, bayan fenti a zura ƙusa a ramin, ƙofa ta koma mazauninta ba tare da lalube ba. Sabon fenti kuma ko ya bushe a hannu, cikinsa ɗanye ne har makonni, kada a matsa masa. Tef ma ba a barinsa ya wuni a ranar Zariya, domin mannensa na dahuwa ya kama fenti, mai tsaro ya koma mai ɓarna.

Wuri mafi haɗari shi ne buɗewar farko. A nan motar mahaifina ta samu tabonta. Dattijon ya tsuguna, ya kafa ido a tsakanin ƙofa da fenda, ya sa yatsa a wurin, ya ce wa yaron, "Ja a hankali. Tsaya. Ƙara kaɗan." Bakin ƙofar ya shige bayan fendar kamar wuƙa a kube, tef bai ko goge ba.

Abin da ya rage

Yawancin aikin da ke shigowa garejojin Dogarawa har gobe na gaggawa ne: motar haya da ta daki wata a Kwangila, mai ita yana son ta koma hanya kafin la'asar. Ba za a ce wa wannan ya jira a yanka kwali ba. Amma yaron da ya riƙe ƙofar nan ya ga wata hanya, ya ga cewa ƙarfi ba shi ne gwaninta ba. Abin da nake fata shi ne masu garejin da suka san wannan aiki su koyar da shi da gangan, kada a yaye yaro sai ya iya rataya ƙofa a kan fentin da ba nasa ba ya bar shi lafiya. Mu masu mota kuma mu daina tsaya musu a ka muna duba agogo, mu biya ladan haƙuri kamar yadda muke biyan kuɗin fenti. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma dattawan da suka koyi aiki a zamanin da Kakuri ke fitar da 504 ba su da yawa yanzu.

Da ya gama, ya mayar da ƙarfen makulli, ya ɓare tef ɗin sannu a hankali yana jan sa baya a kwance. Ya tura ƙofar da yatsa biyu, ta rufe da wata tattausar ƙara guda ɗaya. Ya goge wurin da tsumma mai laushi, ya ja da baya, ya ce, "Malam, zo ka nuna min inda na taɓa."

Na duba sama, na duba ƙasa, na bi bakin ƙofar da yatsa tun daga gilashi har doki. Ban samu ba. Ya sa hannu a aljihu ya ɗauko agogonsa ya ɗaura.